Dalilan da ke sa injin mota shan baƙin mai da fitar da hayaƙi, da yadda ake gano su

Unguwar Ƙetaren Gwari da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, ta yi suna da matattarar makanikai, inda masu gyaran inji, da masu wayarin, da masu walda, da masu sayar da kayan gyara suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Cikin koke-koken da masu mota suka saba kai wa irin wannan wuri, akwai guda biyu da kan zo tare: baƙin mai yana raguwa tun kafin lokacin juye ya yi, kuma hayaƙi yana fita daga salansa. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai gyara ita ce a buɗe inji a canja ringi, ko kuma a sayi wani injin na Balgiyam a ɗora. Wani lokaci hakan ne maganin. Sau da yawa kuma laifin na wani ƙaramin abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin baƙin mai da na kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, don haka kuskuren gano ciwon inji yana iya cinye jarin direban haya gaba ɗaya.

Yadda mai ke zagayawa a inji

Injin mota yana aiki ne da bugu huɗu. Fistin yana sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙin zuwa salansa. Baƙin mai yana zaune a tukunyar da ke ƙasan inji, famfo yana tura shi zuwa ƙarafan da ke gogar juna domin ya rage zaizaya, ya ɗebe zafi, ya kuma kwashe datti zuwa filta. A ƙa'ida, man ba ya da hurumin shiga ɗakin da wuta ke ci, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Abubuwa uku ne ke tsare masa hanya. Na farko, ringin da ke kewaye da kowane fistin, waɗanda galibi uku ne: biyu na sama suna riƙe matsi, na ƙasa kuma yana kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi tukunya ta wasu ƙananan ramuka. Na biyu, ƙananan robobin da ke wuyan kowane bawul, masu hana man da ke saman inji gangarowa. Na uku, wani ɗan bawul na numfashin inji da ake kira PCV, wanda ke zuƙe iskar da ta kuɓuce ta gefen ringi ya mayar da ita a sake ƙona ta. An fara sanya shi a motocin Amurka a farkon shekarun 1960 domin rage gurɓatar iska. Motar da ke da turbo tana da ƙofa ta huɗu, domin shi ma da man inji yake juyawa. Duk injin da ke ƙona mai, ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ce ta buɗe.

Yoyo ko ƙonawa

Tambayar farko ita ce ko man zuba yake yi a waje ko ƙonewa yake yi a ciki. Ana shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kansa, da safe a duba. Wuraren da suka fi yoyo su ne gaskit ɗin murfin saman inji, da bakin filta, da notin juye, da gefen tukunyar mai, da robobin gaba da bayan karanshaf. Idan man yana ɗiga kan bututun hayaƙi mai zafi, za a ji ƙauri a ga hayaƙi yana tasowa daga ƙarƙashin bonet, alhali bakin salansa fes yake. Wannan yoyo ne, kuma gyaransa ba ya bukatar a sauke inji. Inda maiƙo ya lulluɓe ko'ina, sai a wanke injin, a yi tafiyar kwana biyu, sannan a nemi wurin da sabon mai ya fara ɓullowa.

Tambaya ta biyu ita ce nawa ne yake sha. A tsayar da mota a wuri madaidaici, a kashe ta, a jira kamar minti goma, a cika mai daidai alamar sama ta geji, a rubuta adadin kilomitar da ke kan mita. Bayan kilomita 1,000 a sake aunawa a irin wannan yanayi. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa ta kai kimanin lita ɗaya, kuma inji mai silinda huɗu yakan ɗauki wajen lita huɗu. Kowane inji yana ɗan taɓa mai, amma wanda ke shanye lita ɗaya a kilomita 1,000 ya kai matsayin da ya kamata a bincike shi. Ga direban da ke jigila kullum tsakanin Minna da Suleja, ko Minna da Bida, wannan tafiyar 'yan kwanaki ce, kuma kafin wata ya ƙare ya sayi galan guda na ciko.

Abin da launin hayaƙi ke nunawa

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka, mai ƙaurin ƙonannen mai, shi ne shaidar cewa baƙin mai na shiga wuta. Wanda ya san hayaƙin ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya san wannan launi da wannan wari. A janareton haka aka ƙera shi, amma a injin mota alamar ciwo ce.

Farin hayaƙi iri biyu ne. Siririn tururin da ke fita da asuba, musamman a lokacin hunturu, ya ɓace da zarar inji ya ɗumama, raɓa ce da ta taru a salansa, babu abin damuwa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, tare da raguwar ruwan lagireto da yawan zafin inji, yana nuna ruwa na shiga silinda. Galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, ko kan injin ya lanƙwashe, ko ya tsage. Alamominsa sun haɗa da kumfa a bakin lagireto yayin da inji ke aiki, da mai da ya koma kamar shayi da madara a jikin geji. Akwai ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin ƙonawa ya shiga cikin ruwan. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa yana iya watsowa a fuska.

Baƙin hayaƙi na fetur ne ko gas da ya yi yawa, iska kuma ta yi kaɗan. Toshewar matatar iska, ko nozul mai ɗiga, ko kafireto da ba a saita ba a tsofaffin motoci, ko lalacewar na'urar auna iska, su ne kan gaba wajen jawo shi. Bai shafi baƙin mai kai tsaye ba, sai dai idan aka bar shi, feturin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke tukunya, daga nan ringi su fara cinyewa.

Wani abin lura shi ne, motocin zamani suna ɗauke da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Tana iya ƙone wani ɓangare na hayaƙin mai, har mota ta riƙa shan mai ba tare da an ga komai a baya ba. Rashin ganin hayaƙi bai wanke inji ba matuƙar geji na sauka.

Lokacin da hayaƙin ke fita

Bayan launi, sai lokaci. Ana bukatar mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na bin motar a baya yana kallon salansa.

Idan shuɗin hayaƙi ya turnuƙe a daidai lokacin da aka tayar da mota bayan ta kwana, sannan ya ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi, zargi yana kan robobin bawul. Sun bushe sun taurare saboda zafi da tsufa, mai ya tsiyaya cikin dare ya taru a silinda. Haka nan idan mota ta daɗe tana silo a cunkoson shataletalen Mobil ko na Kpakungu, aka taka totur ta tofar da hayaƙi sau ɗaya, ko kuma ta yi hakan bayan doguwar gangara da aka ɗaga ƙafa daga totur. A waɗannan lokuta zuƙar da ke cikin inji tana da ƙarfi, ita ce ke jawo mai ta wuyan bawul.

Idan hayaƙin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka matsa wa mota, wajen hawan tudu, ko wuce wata mota, ko ɗaukar kaya, kuma ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi zafi, to ringi ne ko bangon silinda. Sau da yawa yana zuwa da raguwar ƙarfi da yawan shan fetur. Idan aka cire murfin zuba mai inji na aiki aka ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar numfashi, matsi ne ke kuɓucewa ta gefen ringi. 'Yar iska kaɗan a wurin ba laifi ba ce.

Idan shan mai ya fara farat ɗaya, tare da sabon yoyo a wurare da dama da maiƙo a cikin tiyon iska, a fara duba bawul ɗin PCV. In ya toshe, matsi yana taruwa a cikin inji ya tura mai ta kowace kafa, in kuma ya maƙale a buɗe, sai ya zuƙi mai kai tsaye zuwa silinda. A motoci da dama ana cire shi cikin 'yan mintoci, kuma tsohon samfurinsa idan aka girgiza yana da lafiya sai a ji ƙarar ƙwallon da ke ciki. Wannan ne gyara mafi araha a cikin jerin, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

A motar da ke da turbo, a cire tiyon da ke fita daga gare shi a duba. Mai da yawa a ciki, da sandar turbo mai girgiɗi, da wani kuka kamar na usur, suna nuna shi ne mai laifin. A injin gas wannan yana da haɗari na musamman, domin injin yana iya mayar da baƙin man abincinsa ya riƙa gudu da kansa ko da an zare makulli.

Akwai kuma kuskuren cika mai fiye da alamar sama. Karanshaf yana kaɗa rarar ta yi kumfa ta fantsama inda bai kamata ba. Motar da ta fara hayaƙi ranar da aka yi mata juye, geji za a fara dubawa.

Gwaje-gwaje kafin a buɗe inji

Filogi yana ba da labarin silindarsa. Bakinsa idan ya yi ruwan ƙasa a bushe, ƙonawa na tafiya daidai. Busasshen baƙi kamar kunkunniya yana nuna yawan fetur. Baƙi mai maiƙo, ko dasƙararriyar toka a bakinsa, yana nuna mai. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da launi, ruwa ne ke shiga wannan silinda. A jera su bisa tsarin da aka ciro su, domin a san ko matsalar ta silinda ɗaya ce ko ta duka.

Sai gwajin matsi. Ana cire filogi duka, a ɗaura agogon awo a ramin kowanne, a murza inji. A yawancin injunan fetur masu lafiya awon yakan haura 130 a ma'aunin psi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancin silindu da juna, domin bambancin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 abin tuhuma ne. Silindar da ta yi ƙasa ana zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In awon ya tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Silindu biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare sun fi nuna gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Wannan gwaji yana da iyaka. Ringin mai yana iya maƙalewa da datti alhali ringin matsi suna da lafiya, sai awo ya fito da kyau mota kuma tana shan mai. Saboda haka ake ƙarawa da gwajin hura iska cikin silinda a saurari inda take fita: ta salansa ko ta hanyar shigar iska bawul ne, ta murfin mai ringi ne, kumfa a lagireto kuma gaskit ne. Wasu masu gyara suna da 'yar kyamara da ake zurawa ta ramin filogi a ga ko bangon silinda ya karce.

Kwamfutar duba mota tana taimakawa, domin tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, kuma da yawan motocin da ake shigo da su Najeriya daga can suke. Lamba P0300 tana nuna wuta na tsallake, P0420 kuma tana nuna matatar hayaƙi ta raunana. Sai dai kwamfuta ba ta auna zaizayar ringi, sakamakon kawai take nunawa.

Abin da ke tsofar da inji da wuri

Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba su da kwalta, idan ta samu yagaggiyar matatar iska ko tiyo mai huda, tana cin ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin watannin Maris da Afrilu a Minna, da tsayuwa a cunkoso, suna saurin gajiyar da mai, kuma jinkirta juye yana mayar da shi kwaɓaɓɓen datti mai toshe ramukan ringin mai. Inji da ya taɓa tafasa sau ɗaya ma yana iya rasa ƙarfin ringinsa.

Wasu al'adun gareji suna ƙara dagula lamarin. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye suna hana inji kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai ya riƙa shan fetur da yawa, mai kuma ya yi saurin lalacewa. Zuba ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji yana kawo tsatsa da toshewa. Zuba 20W-50 a kowace mota ba daidai ba ne, domin injunan zamani da dama an ƙera su ne don 5W-30, ko 5W-20, ko 0W-20, kuma adadin yana rubuce a littafin mota, sau da yawa har a kan murfin mai. Jabun mai, wanda wani lokaci tsohon mai ne aka tace aka ɗura a sabon galan, shi ma yana kashe inji. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da tsarin MANCAP na kayan da aka yi a gida da SONCAP na waɗanda aka shigo da su, kuma sayen mai a hatimce daga dillalin da aka sani ya fi na kwalba a bakin titi aminci.

Akwai kuma laifin ƙira. Injin Toyota mai lamba 2AZ-FE, mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008, ya yi suna da shan mai saboda fistin da ringinsa. Kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala a Amurka zuwa shekara 10 ko kimanin kilomita 240,000, inda ya ɗauki shan kusan lita ɗaya a kimanin kilomita 1,900 a matsayin abin da ya wuce ƙa'ida, gyaran kuma shi ne canja fistin da ringi. Wa'adin ya daɗe da ƙarewa, motocin kuwa suna nan birjik a titunan Najeriya. Mai shirin sayen irinsu ya nemi a tayar masa da ita inji na da sanyi, ya duba filogi, ya kuma shafa yatsa a bakin salansa ya ga ko akwai maiƙo.

Gyara da haɗarin jinkiri

Hikima ita ce a fara daga mai sauƙi zuwa mai tsada: daidaita yawan mai da irinsa, toshe yoyo, canja matatar iska da bawul ɗin PCV, sannan robobin bawul, waɗanda a injuna da yawa ake iya canjawa ba tare da an cire kan inji ba. Canja ringi yana zuwa ne bayan gwaji ya tabbatar, kuma dole a auna silinda tukuna, domin sabon ringi a faɗaɗɗiyar silinda ba ya daɗewa. In ta zaizaye, sai a faɗaɗa ta da injin ƙira a sa fistin mai girma, ko a sa mata silif. Injin Balgiyam kuwa ba a san tarihinsa ba, don haka mai saye ya nemi a yi masa gwajin matsi, a kuma rubuta kwanakin garanti a rasit. Ruwan ƙara wa mai kauri da ake sayarwa a gwangwani yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, kuma wasu masu sayar da mota suna amfani da shi wajen rufe aibi.

Mota mai ɗan shan mai tana iya ci gaba da aiki muddin ana duba geji a kai a kai, direban haya kuwa kowace safiya. Haɗarin yana cikin mantuwa. Jar fitilar mai da ke gaban direba tana nuna faɗuwar matsin mai ne, kuma kafin ta kama mai ya riga ya yi ƙasa matuƙa. Ci gaba da tafiya bayan ta kama yana iya sa inji ya buga cikin 'yan mintoci, don haka a tsaya a kashe mota nan take.

Hayaƙin mota ya shafi lafiya da doka. Yana tsananta asma da ciwon ƙirji, kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid marar launi marar wari, wadda ke kisa idan aka bar inji yana aiki a rufaffen wuri. Hukumar NESREA tana da dokar 2011 kan hayaƙin injunan fetur da na gas, jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna iya tsayar da motar da ke turnuƙe hanya. Tsohon man juye kuma, idan aka zubar da shi a ƙasa ko a magudana, yana bin ruwan damina zuwa rafuka da rijiyoyin maƙwabta, kuma yawan taɓa shi da hannu yana cutar da fata. A matattara irin ta Ƙetaren Gwari, inda ake juye da yawa a kowace rana, tara shi a rufaffen duro kariya ce ga makanikai, da yaran da ke koyon sana'a, da gidajen da ke kewaye.